Hoton Da Ya Fi Mai Shi Kyau

 

Bayan an kawar da amfanin gona bana, an yi bikin wata ƙanwata a nan Gwangwan. Ran kamu sai ga wani babban hoton amarya an kawo daga Kano, an sa shi cikin gilashi, aka jingine shi a ɗakin uwarta don 'yan biki su gani. Kakar amarya ta shigo. Tsohuwa ce ƙwarai, amma idonta garau, har yanzu ita ke tsince tsakuwa daga shinkafa ba da tabarau ba. Ta tsaya ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Masha Allahu! Wannan 'yar Larabawa fa, daga dangin ango take?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Aka ce, "Haba Iya, jikarki ce fa." Ta sake dubawa, ta girgiza kai, ta ce, "Jikata baƙa ce, tana kuma da tabo a haɓa. Ni na goye ta ran da ta faɗi a kan turmi."

Kowa ya yi dariya har da ni, amma na lura amarya ba ta yi ba. Tun ran nan abin ke cina, shi ya sa na ce yau sai mun zauna mun tattauna wannan abu da ake kira filta, wanda ya shiga wayar kowace yarinya daga Rogo har Ƙaraye. Daga ina ya fito? Yaya yake aiki? Ina kuma iyakar da ya kamata mace mai hankali ta tsaya?

Asalin abin

Kada ku zaci da wayar hannu aka fara. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, ba a kuwa daɗe ba mutane suka fara ƙorafi. Mai zane da hannu ya san wanda zai biya shi, saboda haka yakan kau da kai daga ƙurji da tamoji. Kyamara kuwa ba ta da kara, ba ta san sarauniya ba, ba ta san baiwa ba. Abin da ta tarar shi take kwasowa. Masu sana'ar hoto suka ga in ba su sami hanyar rage mata kaifin ido ba, ciniki zai gudu.

Cikin waɗanda suka fara barin hoto ya yi laushi da gangan har da mace, wata Baturiyar Ingila mai suna Julia Margaret Cameron. A 1863 'yarta ta ba ta kyautar kyamara, tana da shekara 48 a duniya. Ba ta damu da ta daidaita idon kyamara har komai ya fito tsaf ba, in ta ga fuska ta yi mata yadda take so sai ta tsaya nan. Mazan da ke sana'ar suka yi ta yi mata ba'a, wai ba ta iya ba. Yau hotunanta na ajiye a manyan gidajen tarihi. Daga baya, wajen 1896, kamfanin Dallmeyer na Landan ya fitar da wani idon kyamara wanda aka ƙera musamman don ya tausasa fuska. Da masu fim na Amurka suka bunƙasa, tsakanin 1920 da 1940, sai abin ya zama ruwan dare. In za a nuno fuskar jaruma kusa, sai a ɗaura wani siririn yadi mai kama da raga a gaban kyamara, ko guntun safar mata, ko kuwa a shafa ɗan man basilin a jikin wani gilashi dabam a kara shi a gaba. Jarumin namiji kuwa sai a bar shi da gautsin fuskarsa, wai shi ne kwarjini. Kun ji fa, tun can mace aka ɗora wa wannan nauyi.

To, yaya gilashi ko raga ke gyara fuska? Ku tuna da hazon hunturu. Ran da hazo ya sauka, rana tana nan, itatuwa suna nan, kina gane maƙwabciyarki daga nesa, amma komai ya yi laushi, ba inuwa mai kaifi, ba ƙyalli mai kashe ido. Dalili, ƙurar da ke cikin iska tana watsa haske ta ko'ina. Haka filtar gilashi take. A jikinta akwai 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai. Yawancin hasken da ya taso daga fuskarki yakan wuce kai tsaye ya zana kamanninki sosai. Kaɗan daga ciki yakan bugi ɗigon nan ya fantsama, ya zuba cikin 'yan ƙananan inuwoyi. Shi kuwa ƙurji, da ramin fata, da tamoji, ba komai ke sa ido ya gan su ba sai 'yar inuwar da ke gefensu. In haske ya cika inuwar, sai su dushe. Amma hancinki na nan yadda Allah ya yi shi, faɗin fuska na nan, launi na nan. Wannan ya bambanta da hoton da ya yi dishi-dishi saboda hannu ya girgiza ko ba a saita ba, wanda a cikinsa har ƙwayar ido ba ta fita. A hoto mai laushi na gwani, ido da gira da bakin ɗankwali duk suna fita tsaf, fata kaɗai ke yin sumul.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu baƙaƙe, masu hoto sun san shi. In ragar fara ce, hasken da take watsawa yana da yawa, sai ya bi duhun hoton ya wanke shi, baƙar fata ta fito fari-fari kamar an baɗa mata toka. In baƙar raga ce, tana tausasa fata ba tare da ta kashe zurfin launi ba. Har yau ana sayar da gilasai iri biyun nan, masu fim suna amfani da su. Wadda za ta je shagon hoto ta riƙe wannan.

A ƙasashenmu kuwa, masu hoton dā suna da tasu dabara. Bayan an wanke fim, kafin a buga a takarda, sai mai hoto ya zauna da fensir mai tsini ya bi fuskar yana cike 'yan tabo ɗaya ɗaya. Aiki ne na haƙuri, gwani kuma shi ne wanda in ya gama ba a gane ya taɓa. Amma manyan gwanayen da duniya ke yabo yau, ƙarfinsu na wajen haske da tsayuwa. Akwai Seydou Keita na Bamako, ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, ya rataya yadi mai zane a baya. Matan da ke ciki baƙaƙe ne wuluk, da ɗaurin kallabinsu da awarwaronsu, in kin gani sai kin ce sarauniyoyi ne. A nan Nijeriya kuma akwai J. D. Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya bi ƙasar nan yana ɗaukar kitson mata, har ya tara wajen hoto 1,000. Babu wanda ya mai da kowa fara a cikinsu.

Ba kuwa don kayan aikin sun taimake su ba. Fim mai launi da aka riƙa sayarwa a zamanin nan, da fatar Turawa aka auna shi. Kamfanin Kodak yana da wani kati da yake raba wa masu wankin hoto don su daidaita launi, hoton wata Baturiya ne a jiki, ana ce masa katin Shirley. In fuskarta ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Saboda haka baƙin mutum yakan fito ba a ganin komai sai ido da haƙori. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin labarin ta wallafa a 2009. Ta nuna cewa cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara har da kukan masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, don hajarsu mai duhu ba ta fita da kyau a talla. Ku ji fa! Sai da katako ya yi ƙara. Sai wajen 1995 aka fitar da katin da ke da baƙar mace a ciki. Na kawo wannan don ku san cewa in kyamara ta ɓata ki, sau da yawa laifin na wanda ya ƙera ta ne, fuskarki ba ta yi komai ba.

Ta cikin waya dabam ce

Filtar waya sunan kawai ta ara. Babu gilashi, babu raga. Wata 'yar kwamfuta ce a ciki take neman inda ido yake, da hanci, da baki, da haɓa, sa'an nan ta sake zana su bisa wani ma'auni da wasu mutane suka zaɓa a wata ƙasa mai nisa, ba su kuwa taɓa ganinki ba. Takan goge fata har ta zama kamar roba, ta tsuke hanci, ta ƙara girman ido, ta rage kumatu, ta ƙara haske. Snapchat ya kawo irin wannan a 2015. A 2023 TikTok ya fito da wata wadda ko kin sa hannu kin shafa fuskarki ba ta gocewa, da wuya mai kallo ya gane da ido. Wayoyi da yawa kuma da gyaran a kunne suke zuwa daga kanti, yarinya ba ta taɓa komai ba amma an riga an taɓa ta.

Batun ƙara haske ba zato na ba ne. A 2017 masu wata manhaja da ake kira FaceApp sun fito sun nemi gafara, don an gane filtarsu ta ƙara kyau tana mai da baƙaƙe farare. Watau an koya wa inji cewa kyau shi ne fari. Ita kuwa filtar gilashi, duk abin da za a ce da ita, ba ta taɓa canza wa kowa dangi ba.

Kada a ce ina gaba da kwalliya. Ni ma ina sa kwalli, ina son lalle, ran biki kuma ba na ƙin a yi mini dilka. Mace ta so a gan ta da kyau ba laifi ba ne, halinmu ne tun kaka da kakanni. Amma ita kwalliya a jikinki take. In baƙo ya yi sallama da ita za ki fito, in kin wanke kuma kowa ya san wankewa kika yi. Hoton da filta ta sāke kuwa yana cikin waya, yana yawo gari gari da sunanki, ke kuwa kina gida da fuskarki ta ainihi, ba ki da ikon ki bi shi ki cim masa.

Na gani ina so

A al'adarmu, farkon abin da manemi ke aikawa gidan yarinya sunansa kuɗin na-gani-ina-so. Ku dubi sunan da kyau. Da gani aka fara. To, yau me ya gani?

Samarinmu da yawa suna Legas, ko Fatakwal, ko Abuja wajen nema, ba su zuwa gida sai da salla ko da damina. Aure da yawa yanzu da hoto yake farawa: ƙanwarsa ko gwaggonsa ta tura masa ta WhatsApp, ta ce ga wata na yi maka kamu. Na san wata yarinya a wani ƙauye kusa da mu, ba zan faɗi sunanta ko na garin ba. Kyakkyawa ce, baƙa mai sheƙi, ga hankali, ga aikin hannu. Ƙawarta ta ɗauke ta hoto ta gyara, aka tura wa wani saurayi da ke kudu. Wata huɗu suna magana ta waya, har manya sun shiga. Da ya zo ganin gida ya tafi zance. Ta fito, ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi. Ya amsa, ya zauna yana ta leƙen ƙofa. Can ya ce, "Yayar taki ba ta gama shiri ba ne?"

Maganar auren ba ta kai ko'ina ba. Ba na yabon saurayin, don wanda zai bar mace mai hankali saboda launi bai san abin da yake nema ba. Amma ku dubi abin ta wajenta. Da hotonta na gaskiya aka tura, ko ya so ko ya ƙi, ba wanda zai ji. In ya ƙi, daga nesa ya ƙi, ba ta ma san an yi ba. Yanzu kuwa a zauren ubanta aka ƙi ta, gari ya ɗauka, har yara suna tsokanarta da "yayar taki". Wata guda ba ta fita ɗiban ruwa ba. Abin da aka yi don a taimake ta shi ya kunyata ta.

Addininmu ya yarda manemi ya dubi wadda zai aura, malamanmu na Malikiyya suka ce fuska da tafin hannu, don a shiga aure da sani, zama ya ɗore. Mun kuma karanta a Islamiyya labarin mai sayar da hatsi wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baza busasshe a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsawata masa. Mace ba hatsi ba ce, ba a kuma sayar da ita. Amma algus algus ne, ko a mudu ko a hoto. Na kuma ce a gaya wa maza su ma, don ba mu kaɗai ba ne. Sau nawa aka turo wa yarinya hoton saurayi sumul, jingine da motar da ba tasa ba, ran da ya zo sai ga furfura har a gira?

Ga 'yan makaranta

Ku nawa ne kuka daina son madubi? Ina koyarwa, ina gani. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta saba ganin kanta a waya da siririn hanci da fata kamar ta jariri, in ta dubi madubi sai ranta ya ɓaci, kamar madubin ne ke mata ƙarya. Daga nan sai a fara tambayar wane mai ne zai kai ni can. Hanyar bilicin ke nan, kun kuwa san ƙarshenta: gwiwar yatsu baƙi, fuska ja, fata ta yi siriri har jijiya na nunawa, in an ji ciwo ba ya saurin warkewa. Wasu mayukan akwai sinadarin makyuri a ciki, wanda ke lalata ƙoda, yana kuma iya cutar da ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin ta-ɓaci a ƙasar nan. Babu kuwa man da zai kai ki ga fuskar da ke cikin waya, don fuskar nan babu mai ita a duniya. Ko jaruman fim da kuke gani a fasta, in kun gamu da su a kasuwar Kwari da rana tsaka, za ku ga suna da ƙuraje kamar kowa.

Har ƙasashen da suka ƙago abin sun fara ja da baya. A Faransa tun 2017 doka ta ce in an rage ko an ƙara jikin mai talla a hoto, sai an rubuta a jiki cewa an gyara. Norway ta bi sahu a 2022, tata dokar ma har da gyaran fata. A ƙarshen 2024 TikTok da kansa ya ba da sanarwar zai hana 'yan ƙasa da shekara 18 wasu filtocin ƙarin kyau. In mai tuwo ya ce kada yara su ci, ai sai a bincika miyar.

Sa'an nan ga wata magana ta zahiri. Hoton da za ki manna a takardar jarrabawa, ko ta neman makaranta, ko fasfo na zuwa Hajji, aikinsa ɗaya ne, a dube shi a dube ki a ce ke ce. In kin kai wa mai shago hotonki na waya wanda aka goge, kika ce ya buga miki shi ƙarami, ran da mai duba ya tsai da ke a ƙofar ɗakin jarrabawa ba ki da mai ceto. Ku iyaye kuma, Allah ya kiyaye, in yaro ya ɓace aka tashi cigiya, wane hoto za a nuna wa mutane? Na taɓa ganin an baza hoton cigiyar wata yarinya wanda aka yi wa kunnuwan zomo da ido kamar na mage. Uwar ta duba wayarta kaf, ba ta sami ko ɗaya na gaskiya ba. Kowane ɗa a gida ya kamata a ce yana da hoto guda na bana wanda ba a taɓa ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na tsofaffi. Iyayenmu da kakanninmu da yawa suna da aska a fuska: wata 'yar baka, wata bille, wata kalangu. Yanzu an bar yi, ban kuma ce a koma ba. Amma zanen nan shi ke faɗin gidan da ta fito da mutanen da ta gada. Waya ba ta san wannan ba, tabo take gani, sai ta share. Wata maƙwabciyata ta ba da tsohon hoton mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, a ƙara masa girma a sa launi. Aka dawo mata da wata mace fara sumul, ba aska, ba tamoji, ba wushiryar da duk zuriyar suka gada. Ta biya kuɗin, ta kai shi ƙarƙashin gado ta ajiye. Ƙaramin na dā, wanda ya koɗe har ya yi ja, shi ta mayar bango. In za ku ba da irin wannan aiki, ku faɗa da bakinku tun farko cewa kada a taɓa fuska, kada kuma ku bar na asalin a hannun kowa.

Yadda za ki fito da kyau, ki kuma fito ke

To, kada in yi ta faɗa ban ba da magani ba. Abin da filtar gilashi ke yi, watau cike inuwa da haske mai laushi, kina iya samunsa a tsakar gidanku ba da ko kwabo ba.

Babban abu shi ne lokaci da wuri. Kada ki yarda a ɗauke ki da rana tsaka a fili. Hasken yana saukowa daga sama, ya sa ramin ido ya yi duhu, goshi da hanci su yi ƙyalli, kowane ƙurji ya sami inuwarsa. Ki bari sai da sassafe kafin hantsi ya ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya. In dole da rana ne, ki shiga inuwar rumfa ko ki tsaya daga cikin ƙofar ɗaki kina fuskantar waje, mai ɗauka ya ba hasken baya. Inuwar bishiya mai ratsin rana ba ta da kyau, takan yi wa fuska dabbare-dabbare. Ranar da gari ya yi lumshi, ko aka tashi da ɗan hazo, ranar hoto ce, Allah ya ɗaura miki raga a sama kyauta. Da dare kuwa, fitilar waya da ke haska fuska kai tsaye ita ce babbar mai tona asiri, ta kuma sa baƙar fata ta yi toka-toka.

In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, ki sa ƙanwarki ta riƙe farin zane ko farin kwali daga wannan gefen, kusa da ke amma kada ya shiga hoton. Hasken zai bugi zanen ya dawo a hankali. Abin da masu shagon hoto ke yi ke nan da farar lemarsu. Bayanki kuma kada ya fi ki haske. In kin tsaya gaban farin bango mai rana, kyamara za ta auna bangon ta bar ki cikin duhu. Katangar ƙasa ja, ko zana, ko labule mai duhu, sun fi karɓar fatarmu. A yawancin wayoyi in an taɓa fuskar mutum a gilashin kafin a ɗauka, da fuskar za ta auna hasken.

Sai nisa. Hoton da mutum ke ɗaukar kansa da hannu yana ɓata kamanni, don abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma. Wasu likitoci a Amurka sun auna a 2018, suka ce in an ɗauka daga nisan inci 12, hanci yakan fito da ƙarin faɗi wajen kashi 30 cikin 100, amma daga nisan ƙafa 5 yana fitowa daidai. Kun ga, waya ce ta faɗaɗa hancin, sa'an nan ta zo tana tallan za ta tsuke miki shi. Ki miƙa wa wata ta ja baya taku uku ko huɗu, ta riƙe wayar daidai tsayin idonki.

Ki goge idon kyamara da gefen mayafi mai laushi. Hannunmu ba ya rabuwa da man girki da man shafawa, in ya taɓa wurin sai hoto ya yi hazo, irin na basilin ɗin masu fim amma ba tsari. Wadda ke son ta gwada dabarar dā don nishaɗi, ta sami guntun baƙar safa siririya, ta ja ta sosai a kan idon kyamarar, ta ɗauka a wurin da haske ke fitowa daga gefe. Amma kada a shafa mai a jikin kyamara, ɓata ta zai yi. Ki kuma shiga cikin saitin kyamarar ki nemo wurin gyaran fuska, ki mai da shi sifili, ko ki bar shi a matakin farko in kin ga dole.

In kuwa shagon hoto za ki, a Rogo ne ko Zariya ko Kano, ki yi magana kafin a buga. Ki ce a rage ƙyalli, a cire ƙurjin da ya fito jiya wanda jibi zai tafi, amma launi da hanci da tabon da kika girma da shi a bar miki abinki. Ki nemi a nuna miki a kwamfuta tukuna. Kuɗinki ne, kada kunya ta hana ki. Awon da nake ba ɗalibaina shi ne su nuna wa ƙaramin yaro na gidansu, ɗan shekara huɗu ko biyar, su ce wace ce wannan. In ya yi jim, a sāke.

Ita ƙanwar tawa, bayan sati biyu da tarewa ta zo gaida gida. Da la'asar na zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakin Iya, na ba wani yaro farin zanen salla ya riƙe daga hagu, na ja baya na ɗauka da wayata. Na kai aka buga mini a Rogo. Da na miƙa wa Iya, ta kai shi kusa da ido, ta sa ɗan yatsa a kan haɓar, ta ce, "Yauwa, ga tabon turmina." Yana nan ta soke shi a jikin fantekarta ta sama.

Wadda ke da tsohon hoton uwa ko kaka na zamanin fensir, ina roƙo ta rubuto mini ta hannun Edita, ta faɗi garin da aka ɗauka da shekarar in ta sani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.